Kafin Mu Ce Nas Ba Ta Da Imani

Ranar Lahadin da ta wuce na je gaisuwar rasuwa a unguwar Rikkos, nan Jos. Marigayiyar ta yi kwana tara a gadon asibiti kafin Allah Ya karɓi abarsa, saboda haka ba a daɗe da zama ba hira ta gangara kan asibiti. Wata Hajiya da nake ganin girmanta ta gyara mayafi ta ce, "Ai nas-nas ɗin nan Allah Ya zare musu imani. Mutum na shure-shuren mutuwa, su suna can suna danna waya."

Nan take tsakar gida ta ɗauka. Wannan ta ce an daka mata tsawa tana kan gwiwa a ɗakin haihuwa. Waccan ta ce ruwan da aka ɗaura wa ɗanta ya ƙare har jini ya fara hawa robar, ta je kira sau uku ba wadda ta ɗago kai. Wata daga can gefe ta rage murya ta ce, "Don sun ga hijabi ne."

Na ja bakina na yi shiru, don gidan makoki ba wurin musu ba ne, kuma Hajiya ta isa ta haife ni. Amma maganar ta biyo ni gida, ta hana ni sakat.

Ga matsayata tun ban yi nisa ba. Duk abin da matan nan suka faɗa ya faru, ban ƙaryata ko ɗaya ba, ni ma an yi mini. Inda na rabu da su shi ne wurin dalili. Yawancin waɗanda ke mana tsawa a asibiti sun shiga aikin ne da tausayinsu cike fal, aikin ya yi ta ɗibansa da kaɗan-kaɗan har aka kai ga ƙanzo. Gajiya ce, irin wadda barcin kwana ɗaya ba ya maganinta. Ana iya hana ta, ana kuma iya warkewa daga gare ta. Sai dai babban maganin yana hannun masu rubuta jadawalin aiki da masu raba kasafin kuɗi, wani ɓangare kuma yana hannunmu mu masu jinya. Duk lokacin da muka tsaya a kan "ba su da imani", mun wanke waɗannan duka, mun bar mace ɗaya da laifin.

Abin da na gani a dare na huɗu

Bara cikin Disamba, lokacin da sanyin Jos ke ratsa ƙashi, na yi kwana goma sha ɗaya ina jinyar Inna a wani asibiti a nan cikin gari. Ɗakin mata ne. Da yake barci ba ya zuwa, na ƙirga gadajen: ashirin da shida, duk da mutane a kai, ban da wata tsohuwa da aka shimfiɗa wa katifa a ƙasa kusa da ƙofa. Nas biyu ake bari da dare. A dare na huɗu aka zo aka janye ɗaya zuwa sashen gaggawa, an kawo waɗanda suka yi haɗarin mota. Aka bar guda.

Wajen ƙarfe biyu ruwan Inna ya tsaya. Na sami nas ɗin a kan wata yarinya mai sikila da ke ihu tana kiran uwarta. Na ce, "Sista, don Allah ruwan Mama ya tsaya." Ko juyowa ba ta yi ba. Na sake faɗa. Sai ta waigo, da muryar da ta tashi rabin ɗakin, ta ce, "Madam, hannu nawa gare ni? Ki je ki zauna!" Na koma jikina na ɓari don ɓacin rai. A zuciyata na faɗi abin da Hajiya ta faɗa, har da ƙari.

Sai bayan kusan minti arba'in ta zo. An ɗauke wuta, janareta bai tashi ba. Ta ciji wayarta a baki tana haska bayan hannun Inna, tana laluben jijiya da yatsun da sanyi ya sandarar. Sau biyu tana sokawa ba ta samu ba, a na uku ta dace. Ba ta ce mini uffan ba, ni ma ban tanka mata ba.

Da asuba na fita alwala na bi ta bayan teburinsu. Tana zaune a ƙasa, ta jingina da kabad ɗin magani, ta cire takalma. Ƙafafunta sun kumbura har bakin safa ya yi musu zobe. Kular abincinta na gefe, ko buɗe ta ba a yi ba. Da kuka take yi, da na fi gane abin. Bango kawai ta ƙura wa ido, kamar wadda aka zare wa laka. A daren nan matar gado na bakwai ta cika. Ita ta shafe mata ido, ita ta ɗaure mata haɓa, ita ta fita baranda ta gaya wa mijin, sannan ta dawo ta ci gaba da rabon allura kamar ba abin da ya faru.

Na ce, "Sannu, Sista." Ta zabura kamar na tashe ta daga barci. Ta ce, "Ki yi haƙuri da ɗazu, Madam. Yau darena na shida ke nan a jere."

Ga mai cewa don hijabi ne: matar gado na bakwai da gicciye a wuyanta ta rasu, kuma 'yarta ta sha tsawar da ta fi tawa. Ban ce babu masu nuna bambanci ba, a garin da ya sha abin da Jos ta sha. Amma tsawar wannan daren kowa ta samu.

Abin nan masana sun san shi

A 1974 wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, Herbert Freudenberger, ya rubuta abin da ya lura da shi a wani asibitin kyauta a birnin Niyok, inda yake aikin sa-kai da masu fama da shaye-shaye. Ma'aikata suna zuwa da zafin nama da son taimako, bayan kamar shekara guda sai ka ga sun yi laushi, sun zama masu saurin fushi, sun fara jin haushin mutanen da suka zo taimaka wa. Shi kansa abin bai bar shi ba. Kalmar da ya laƙaba wa yanayin tana nufin abin da wuta ta ci har ya ƙare. Ni a Hausa na fi ganinsa kamar aci-balbal da mai ya ƙare mata, lagwanin ne ke ci, ga hayaƙi ga ƙauri.

Daga baya Christina Maslach da abokiyar aikinta suka fito da ma'aunin gwada shi a 1981. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace shi a kundinta, ta ba shi alamomi uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta yi nesa da aikin har mutum ya fara ƙyamarsa, sannan ƙwazo ya ragu. Abin lura, hukumar ba ta lissafa shi a jerin cututtuka ba. Ta ce abu ne da ke tasowa daga matsin wurin aiki da ya daɗe ba a shawo kansa ba. Wato tun a ma'anarsa an nuna inda tushen yake.

Akwai ɗan'uwansa, wanda zan kira gajiyar tausayi. Wata nas, Carla Joinson, ta yi rubutu a kansa a 1992, Charles Figley ya faɗaɗa bayaninsa a 1995. Na farkon yawan kaya ke kawo shi. Wannan kuwa yawan kallon azabar wasu ne. Zuciya ba dutse ba ce: idan kullum sai ta ga uwa tana birgima a kan gawar ɗanta, wata rana sai ta yi kanta, kamar yadda tafin hannun manomi ke yi, don ta iya ci gaba da riƙe fartanya. Wannan kantar ce muke gani mu ce rashin imani.

To a auna wannan da garinmu. Wadda ta fara aikin jinya a Jos wajen shekarar 2000 ta ga rikicin Satumban 2001, ta ga na Nuwamban 2008, ta ga na Janairun 2010. Tana bakin aiki ko an kirawo ta daga gida ranar 20 ga Mayun 2014, da bama-bamai suka tashi a kasuwar Taminus suka kashe fiye da mutum 100. Ta karɓi waɗanda aka kwaso daga hare-haren Bokkos da Barikin Ladi a Disamban 2023. Ranar 12 ga Yulin 2024 kuma, da ginin makaranta ya rufta a Busa Buji mutum 22 suka rasu, yawancinsu ɗalibai, yaran da aka shigo da su cikin rigar makaranta sa'annin 'ya'yanta ne. Bayan kowanne daga cikin waɗannan, mu mun yi zaman makoki mun huta. Ita washegari tana kan duti.

Haka 'yan agajinmu. Samarin nan masu kaki da suka yi ta ɗauko gawarwaki zuwa Babban Masallaci a lokutan rikici, suna wanke wa, suna jerawa, wa ya taɓa zaunar da su ya tambaye su me suke gani idan sun rufe ido? "Allah Ya saka da alheri" muka ce musu, muka watse.

Ni malamar firamare ce, na kuma san ɗanɗanon abin a nawa ajin. Shekarun farko, idan yaro ya kifa kai a benci sai na je na tambaye shi ko ya karya. Akwai zangon da na kama kaina ina ce wa irin wannan yaron ya tashi ya daina lalaci, ban ji komai a raina ba. Ranar da na lura ban ji komai ba, ita ce ta tsorata ni.

"Ai ita ta zaɓi aikin, kuma biyanta ake yi"

Wannan ce amsar farko da ake ba ni. Gaskiya ne, ita ta zaɓa. Amma me ta zaɓa? Ta zaɓi ta yi jinyar marasa lafiya. Ba ta sa hannu a kan cewa ita kaɗai za ta riƙe mutum ashirin da bakwai a duhu, dare shida a jere ba. Direban da ya zaɓi tuƙi ba ya nufin ya yarda a ba shi motar da ba birki.

Batun biya kuwa, a tuna cewa shekara da shekaru alawus ɗin haɗarin aikin ma'aikatan lafiya a ƙasar nan Naira 5,000 ne a wata, sai a ƙarshen 2021 aka sake duba shi. Wannan shi ne farashin da aka sa wa shaƙar tarin fuka da taɓa jinin mai zazzaɓin Lassa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, mai zuwa aiki daga Bukuru ko Nasarawa Gwom ta san abin da kuɗin mota ke ci a albashinta kafin a zo maganar masara da kuɗin makaranta. Ta baro gida da lissafin da bai cika ba, ta shigo ɗakin da babu safar hannu, ta tura mai jinya ya sayo a waje, shi kuma ya zage ta don yana zaton cinikinta ne.

Maslach da abokin bincikenta Michael Leiter sun lissafa abubuwa shida da ke ƙona ma'aikaci idan suka karkace: yawan aiki, rashin ta-cewa a kan yadda za a yi shi, rashin sakamako, lalacewar zumunci tsakanin abokan aiki, rashin adalci, da tilasta wa mutum yin abin da ya saɓa wa zuciyarsa. Na ƙarshen nan ya fi ci mini rai. Ka san maganin da zai ceci yaron nan, ka san babu shi a asibiti, ka san uban ba shi da kuɗinsa, kuma kai za ka kalli idonsa ka faɗa masa. Yi wannan sau ɗari, ka ga ko ba za ka koyi faɗinsa ba tare da ka kalli ido ba.

"Aikin lada ne, sai haƙuri"

Wannan ta fi wuyar amsawa, don masu faɗinta da kyakkyawar niyya suke yi, kuma rabinta gaskiya ne. Aikin lada ne, babu ja. Amma mun mayar da kalmar haƙuri murfin da muke rufe tukunyar da ke tafasa.

Addinin da muke jingina da shi bai ce a yi aikin lada har a faɗi ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shiga masallaci ya ga igiya ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu. Aka ce ta Zainab ce, idan ta gaji da tsayuwar salla sai ta riƙe ta. Ya ce a kwance ta, mutum ya yi salla gwargwadon kuzarinsa, idan ya gaji ya zauna. Salla ke nan fa. Salmanul Farisi kuma ya ce wa Abud Darda'i Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowa haƙƙinsa, Annabi ya ce Salmanu ya yi gaskiya. Maƙwabtanmu Kirista su ma suna karantawa a Linjilar Markus cewa da jama'a suka yi yawa har almajirai suka rasa sukunin cin abinci, an ce musu su keɓe wuri su ɗan huta.

Saboda haka idan shugaban asibiti ko shugabar makaranta ta ce wa ma'aikaci "yi haƙuri, Allah ne zai biya ka" a madadin hutun da doka ta ba shi, ta ari bakin addini ne ta ci masa albasa. Haƙuri na wanda ya rasa mafita ne. Mai riƙe da biro da jadawali yana da mafita a hannunsa.

"To kina ba su uzuri ne su ci gaba da wulaƙanta mu?"

A'a. Wadda ta mari mace tana naƙuda ta yi laifi, ko dare nawa ta yi ba barci, kuma a hukunta ta. Akwai ma waɗanda tun asali mugun hali ne da su, da ko a kasuwa suke haka za su yi. Marar lafiya ba shi ya tsara jadawali ba, bai kamata ya biya bashin wani ba.

Amma saboda marar lafiyar ne ma nake wannan magana. A 2002 Linda Aiken da abokan aikinta suka fitar da binciken da suka yi a asibitoci 168 na jihar Pennsylvania. Sun gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas, yiwuwar mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 tana ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari, yiwuwar ita nas ɗin ta ƙone da gajiya kuma tana ƙaruwa da kashi 23 cikin ɗari. Abu ɗaya ne ke cin su biyun. Can ana muhawara ne a kan bambancin mutum huɗu da takwas. Jihar Kalifoniya ma doka ta yi: a ɗakin kwanciya na gama-gari nas ɗaya ba ta wuce majinyata biyar, a ɗakin masu rai-kwakwai ba ta wuce biyu.

Idan aka kori Sistar da ta yi mini tsawa aka kawo sabuwa mai fara'a daga makarantar jinya, aka ba ta gadajen nan ashirin da shida, ina da yaƙinin bayan 'yan shekaru 'yata za ta je jinyata ta dawo tana cewa ba ta da imani.

Ba kuɗi, ba ma'aikata, to yaya za a yi?

A Abuja, a Afrilun 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu ga lafiya. Sunan babban birninmu yarjejeniyar take ɗauke da shi, amma gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika wannan alkawari ba. Ma'aikata kuma suna ta tafiya. A farkon 2024 hukumar da ke yi wa nas-nas da ungozoma rajista ta ce kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa da bakinsa cewa likitoci kusan 16,000 sun fice cikin shekara biyar zuwa bakwai. Duk wadda ta hau jirgi zuwa Ingila ko Saudiyya, gadajenta ba sa bin ta. Wadda ta rage ake ɗora wa.

Abin da hukumar ta fara yi a lokacin shi ne tsaurara sharuɗɗan tantance takardun masu son fita, har nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. A ganina wannan toshe ƙofa ne alhali ɗakin na cin wuta. Wanda aka tsare da ƙarfi jikinsa ne kawai ke wurin aiki.

Ɗaukar ma'aikata da gyara albashi su ne gindin magana, kuma duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a a Filato ya kamata mu tambaye shi nas nawa zai ɗauka, ba gini nawa zai yi wa fenti ba. Amma ban yarda cewa sai an jira wannan ba. Akwai abubuwan da matiron da shugaban asibiti za su iya yi a wannan watan.

A daina jera wa mutum dare shida ko bakwai. A kafe jadawali da wuri, don mace ta san ranar da za ta je sunan ƙanwarta. Hutun shekara a bar mutum ya tafi, kada a riƙa kiran wayarsa. A riƙa juya ma'aikata, wadda ta daɗe a sashen gaggawa ko ɗakin jarirai bakwaini a mayar da ita wurin awo ko rigakafi na wasu watanni ta sha iska. A samar da ɗan ɗaki mai kujera da ruwan zafi inda za a zauna a ci abinci, ba ƙasa bayan kabad ba. Likitoci masu neman ƙwarewa sun riga sun ja layi: ƙungiyarsu ta umarci 'ya'yanta su daina aikin da ya wuce awa 24 a jere daga 1 ga Oktoban 2025. A ce sai an yi umarni kafin a hana likita wuce kwana da yini a tsaye, wannan kaɗai ya isa ya nuna inda muke. A ƙasashen Tarayyar Turai dokar aiki awa 48 ta sa a mako.

Sannan bayan mummunan dare, a bar ma'aikata su zauna da juna. Ba a tilasta wa kowa ya fayyace abin da ya gani, don tilasta hakan kan iya fama ciwo. A dai sami babba da zai ce, "Jiya ta yi mana nauyi, wa ke son magana, wa ke son ya je gida?" A Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Likitocin wannan fanni a ƙasar nan ba su kai 300 ba. Kafin dokar ta iso ɗakin mata da ƙarfe biyun dare, abokan aiki su ne asibitin juna.

Ƙanwata

Ƙanwata ungozoma ce. Da ta fara aiki, kowace yamma sai mun ji labarin jaririn da ta karɓa, har sunayensu take bibiya, ana kawo mata naman suna. Shekara biyu da suka wuce labarin ya ɗauke. Ta dawo ta shige ɗaki ta ja ƙofa. 'Ya'yanta suka koyi tafiya da sanɗa. Ciwon kai kullum, barci sai an kusa asuba, ranar da za ta koma aiki tun dare cikinta ke murɗawa. Mu a gida muka ce ko sammu ne, aka yi ta turare da rubutu.

Wata rana muna tsinke zogale ta ce, "Yaya, jiya jariri ya mutu a hannuna, wallahi abin da na fara tunani shi ne takardun da zan cike. Ni kam na zama me?" Ta ce ta ma rubuta takardar ajiye aiki tana cikin jaka.

Abin da ya taimake ta ba abu ɗaya ba ne, kuma ya ɗau lokaci. Mijinta ya matsa ta karɓi hutunta da ta yi shekara biyu tana ɗagawa, ta tafi wurin gwaggonmu a Bauchi, ta kashe waya. Da ta dawo ta cire kunya ta je ta ga likita, don rashin barcin ya wuce na gajiya. Wannan mataki ina roƙon duk mai irin aikin nan kada ya raina shi. Idan makonni suka shuɗe ba barci ba cin abinci, ko mutum ya fara neman sauƙi a ƙwaya ko allurar kashe zafin da ke hannunsa, ko ya fara jin gara ma ba ya duniya, to magana ta wuce a yi haƙuri, a je asibiti a ranar. Addu'a da magani ba sa faɗa da juna.

Ta sami matiron mai fahimta da ta mayar da ita wurin awo na wata shida. Ta koyi cewa "ba zan iya ba" idan aka ce ta riƙe wa wata duti a ranar hutunta. Mu ma a dangi muka gyara, don ashe muna cikin masu ɗibar ruwan rijiyar. Kowa ɗansa ya yi zazzaɓi, ita. Kowa matarsa ta fara naƙuda, ko ƙarfe nawa ne, ita. Maƙwabta na ƙwanƙwasa ƙofa a duba musu hawan jini tana cikin barcin da ta rama na daren jiya. Inna ce da kanta ta tsaya a kan wannan, ta ce ranar da ta kwana a asibiti ba mai buga mata ƙofa sai bayan azahar.

Mu masu jinya kuma akwai namu. Mutum goma a kan gado ɗaya lokacin da ba na ziyara ba, kowa da tambayarsa, kowa da umarninsa. A wakilta mutum ɗaya ya yi magana. Idan an yi mana ba daidai ba, mu kai ƙara wurin matiron da rana, mu kuma tambaya a wannan zaman, nas nawa aka bari a ɗakin jiya. Ranar sallama mu nemi wadda ta kwana a kan namu mu ce mata mun gode, da sunanta.

Ni ban samu na yi hakan ba. Ranar da aka sallami Inna, Sistar tana hutu, kuma sai a mota na tuna ko sunanta ban tambaya ba. Ƙanwata ta koma ɗakin haihuwa watan jiya, takardar ajiye aikin tana nan cikin jakarta ba ta yaga ba. Shekaranjiya ta kira ni da daddare ta ce ta karɓi tagwaye, mace da namiji, uwar 'yar Gangare ce, kuma an ce ta zo suna.